Yadda ake yanke bidiyo da haɗa shi ba tare da sake matse shi ba

A azumin da ya wuce wani ƙanena, wanda ke ɗaukar karatun tafsiri a masallacin unguwarmu, ya kawo mini kukansa. Kullum yakan ɗauki kusan awa 2, kuma abin da yake bukata kawai shi ne ya cire minti 12 na farko, inda ake gwajin lasifika jama'a na ta shigowa, sannan ya datse ƙarshen bayan an shafa fatiha. Sai ya zuba fayil ɗin a manhajar editin, ya yanke, ya danna rendarin, wato fitar da sabon bidiyon, ya zauna jiran kwamfutar har bayan an fito daga tarawihi, fankar cikinta tana ta huci. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa batir ya mutu kafin a gama, aiki ya koma farko. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da na ajiye bidiyon da ya fitar kusa da na asali: aikin zaren da ke wuyan rigar malam, wanda a na asali ana iya ƙirga layukansa, ya zama dishi-dishi, bangon da ke bayansa kuma ya cika da ƙananan murabba'ai masu motsi. Ya ɓata awanni, ya ƙona batir, kuma ya rage wa hoton kyau, alhali aikin da yake so ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kafin a taɓa kowace manhaja, ya kamata a fahimci abin da ke cikin fayil ɗin, domin duk kuskuren da ake yi a wannan aiki daga rashin wannan fahimta yake tasowa. Bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firem, yawanci 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080, idan aka ajiye shi yadda yake da cikakken launinsa, ya kai kimanin megabait 6, wato minti ɗaya kacal zai haura gigabait 9. Babu wayar da za ta iya ɗaukar wannan, shi ya sa ake matse bidiyo da wani tsari da ake kira kodek. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne H.264, da aka kammala a 2003, sai H.265 na 2013 da sabbin wayoyi ke amfani da shi, sai VP9 da AV1 da ake yawan samu a YouTube. Dukansu suna rage nauyi ne ta hanyar zubar da bayanan da suke ganin ido ba zai lura da rashinsu ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Duk lokacin da aka yi rendarin ko kombatin, wato mayar da bidiyo wani nau'i, manhajar tana warware matsin ne ta sake matsewa, ta sake zubar da wani abu. Wanda ya san zamanin kaset ya san yadda murya ke dusashewa idan aka kwafa daga kwafi, aka sake kwafa daga wannan kwafin. Abu ɗaya ne ke faruwa a nan.

Abu na biyu shi ne bambanci tsakanin kodek da mazubi. MP4 da MKV da MOV da TS ba nau'in matsi ba ne, mazubai ne kawai, kamar yadda za a iya juye fura daga ƙwarya zuwa kwano ba tare da ta canza ɗanɗano ba. A cikin mazubin akwai layin hoto, da layin sauti, wani lokaci da layin fassarar da ke fitowa a rubuce. Dabarar da wannan bayani ya ƙunsa ita ce a ɗebi ɓangaren da ake so daga waɗannan layuka a yadda suke a matse, a zuba su a sabon mazubi, ba tare da an warware su ba. Tunda kwafi ne kawai, saurinsa saurin kwafin fayil ne, kuma hoton da ya fito daidai yake da na asali, ba a rage masa ko ɗigo ba.

Inda gizo ke saƙar

Akwai sharaɗi guda, kuma a kansa zan fi daɗewa. Kodek ba ya ajiye kowane firem a matsayin cikakken hoto. Yakan ajiye cikakken hoto ɗaya, wanda manhajoji ke rubutawa keyframe ko firem I, sannan firem ɗin da ke biye su ƙunshi abin da ya canza kawai. Idan malam yana zaune hannunsa kaɗai ke motsi, babu dalilin sake adana bango da darduma da lasifika sau 25 a daƙiƙa, sai a ce wa na'urar ta ɗauki hoton baya ta gyara wurin hannun. Masu dogaro da abin da ya gabata su ne firem P, akwai kuma firem B da ke dogaro da na baya da na gaba duka. Ma'anar wannan ita ce bidiyo ba zai iya farawa daga firem P ko B ba, domin tushen da yake jingina a kai an yanke shi. Idan aka tilasta masa, sai a ga farkon bidiyon ya yi baƙi, ko ya daskare, ko ya fito da launin toka mai dabbare-dabbare, murya tana tafiya, har sai an iso cikakken firem na gaba.

Saboda haka farkon kowane yanki dole ya faɗa a kan cikakken firem. Ƙarshen yanki ya fi sauƙi, domin abin da firem ɗin ke bukata galibi yana bayansu. Tazarar da ke tsakanin cikakkun firem ta danganta da na'urar da ta ɗauki bidiyon. Wayoyi da kyamarori da yawa suna sa shi kusan kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu, faifan DVD kusan kowace rabin daƙiƙa, amma bidiyon da aka matse da x264, manhajar matsin H.264, bisa saitinsa na asali yana iya kaiwa firem 250 kafin wani cikakke ya zo, wato daƙiƙa 10 idan ana tafiya a 25. Ga mai yanke tafsiri ko lacca ko bikin aure, bambancin daƙiƙa ɗaya ba komai ba ne, sai dai a nemi wurin da mai magana ya yi shiru a yanke a can. Ga mai son ya yanke daidai kan harafi ɗaya na waƙa kuwa, wannan hanya za ta takura shi, kuma gara ya san haka tun da wuri.

Hanya mafi sauƙi

Ga wanda bai saba da rubuta umarni ba, ina ba da shawarar LosslessCut, manhajar da Mikael Finstad ya rubuta, wadda ke aiki a Windows da Mac da Linux. Kyauta ce a shafinta na GitHub, ko da yake ana sayar da ita a shagunan Microsoft da Apple domin tallafa wa mai ita. Bayan an buɗe ta, sai a jawo fayil ɗin a saki a kanta. A matsa zuwa kusa da inda ake son farawa, sannan a riƙe maɓallin Alt a danna kibiyar hagu ko ta dama, wanda zai yi tsalle daga cikakken firem zuwa wani. Idan an sami wanda ya dace sai a danna harafin I, a tafi inda ake son tsayawa a danna O. Idan ana son yankuna da yawa daga bidiyo ɗaya, misali ɗaurin aure da kamu da budar kai daga ɗaukar yini guda, sai a ƙara yanki da alamar tarawa a maimaita. A ƙarshe a danna E domin fitarwa, a tabbatar zaɓin Keyframe cut yana kunne, a kuma zaɓi ko a fitar da yankunan daban-daban ko a haɗe su wuri ɗaya. Manhajar ba ta taɓa fayil na asali, sabo take rubutawa a gefensa. Akwai wani zaɓi mai suna Smart cut da ke sake matse ɗan guntun da ke tsakanin wurin yanka da cikakken firem na gaba, ya kwafi sauran, amma mai manhajar da kansa ya sa masa alamar gwaji, don haka duk wanda ya yi amfani da shi ya kalli mahaɗar da kyau kafin ya ba wa mai aiki.

Avidemux ma tana yin wannan aiki, muddin an bar ɓangaren hoto da na sauti a kan Copy, an kuma zaɓi mazubin da ake so. A cikinta kibiyar sama da ta ƙasa ke tsalle tsakanin cikakkun firem, alamomin A da B ke killace yanki, kuma takan yi gargaɗi idan yankan bai faɗa inda ya kamata ba. Kada a yi watsi da wannan gargaɗi.

Da FFmpeg kai tsaye

LosslessCut riga ce kawai da aka sa wa FFmpeg, manhajar da Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, wadda ba ta da maɓallai sai rubutaccen umarni. Na fi son a koye ta, domin ba ta da nauyi, tana aiki a tsohuwar kwamfuta, har ma a wayar Android ta cikin Termux, manhajar rubuta umarni a waya, inda ake shigar da ita da umarnin pkg install ffmpeg bayan an ba ta izinin shiga ma'ajiyar waya da termux-setup-storage. Ga umarnin da ya warware matsalar ƙanena:

ffmpeg -ss 00:12:30 -i tafsiri.mp4 -t 01:40:00 -c copy -avoid_negative_ts make_zero yankakke.mp4

Abin da ke bayan -ss shi ne lokacin farawa, awa da minti da daƙiƙa. Abin da ke bayan -i sunan fayil na asali ne. Abin da ke bayan -t kuwa tsawon yankin ne, ba lokacin da zai ƙare ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa: idan ana son daga minti 12 da rabi zuwa awa 1 da minti 52 da rabi, tsawon shi ne awa 1 da minti 40. Zuciyar umarnin ita ce -c copy, wadda ke cewa a kwafa kada a matse. Idan aka manta da ita, FFmpeg zai fara sake matsewa ba tare da ya tambaya ba, kuma alamar hakan ita ce aikin da ya kamata ya ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya ya fara jan ƙafa, kwamfuta ta ɗau zafi.

Wurin da aka sa -ss yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ya zo kafin -i, kamar yadda yake a sama, FFmpeg yakan koma cikakken firem da ke gabanin lokacin da aka faɗa ya fara daga can, don haka bidiyon zai iya farawa da ɗan ƙarin daƙiƙa, amma zai fara lafiya. Idan ya zo bayan -i, sauti zai fara a lokacin da aka faɗa, hoto kuma sai ya jira cikakken firem na gaba, a sami wancan baƙin ko daskarewar. Wanda yake son sanin ainihin wuraren da zai iya yankewa sai ya tambayi ffprobe, wadda ke zuwa tare da FFmpeg:

ffprobe -v error -select_streams v:0 -skip_frame nokey -read_intervals 12:00%13:00 -show_entries frame=pts_time -of csv=p=0 tafsiri.mp4

Wannan zai jero lokutan cikakkun firem da ke tsakanin minti 12 da minti 13, a lissafin daƙiƙa, sai a ɗauki ɗaya a sa bayan -ss. A kuma lura cewa idan fayil yana da layin sauti fiye da ɗaya, FFmpeg ɗaya kawai yake ɗauka sai an ƙara masa -map 0 bayan sunan fayil ɗin, wanda ke cewa a kwashe duka.

Haɗawa

Cire wani abu daga tsakiya, kamar lokacin da aka tsaya kiran salla ko wani ya gifta gaban kyamara, ana yin sa ne da yanka biyu: a fitar da abin da ke gabaninsa, a fitar da abin da ke bayansa, a haɗa. Haka kuma kyamarori da yawa kan raba doguwar ɗauka zuwa fayiloli da dama, saboda katin ajiyar da aka tsara da tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. Domin haɗawa, a buɗe Notepad a rubuta sunayen bisa jerin da ake so, kowanne a layinsa, a ajiye da sunan jeri.txt a babban fayil ɗin da bidiyon suke:

file 'kashi1.mp4'
file 'kashi2.mp4'

Sannan a rubuta:

ffmpeg -f concat -safe 0 -i jeri.txt -c copy cikakke.mp4

Akwai wani tarko a nan da ya shafe mu masu rubutun Hausa musamman. Tunda sunan fayil yana zaune ne tsakanin alamomin ɗauri guda biyu, suna irin wa'azi ko addu'a ko jama'a zai karya layin, FFmpeg ya ce bai ga fayil ɗin ba alhali yana nan. Mafi sauƙi a sauya sunan kafin a fara, a rubuta waazi1.mp4, a kuma guji haruffa masu lanƙwasa da tazara a sunayen fayilolin aiki.

Babban sharaɗin haɗawa shi ne yankunan su zama jinsi ɗaya: kodek ɗaya, girman hoto ɗaya, adadin firem ɗaya, sauti ma iri ɗaya. Yankunan da suka fito daga fayil guda ko kyamara guda da saiti guda za su haɗu lafiya. Amma bidiyon da aka ɗauka da wayar ango da wanda aka ɗauka da kyamarar mai hoto ba za su haɗu ta wannan hanya ba, kuma abin haɗarin shi ne wani lokaci umarnin yakan kammala ba tare da ƙorafi ba, sai an kunna a tarar kashi na biyu ya rikice ko baki da murya sun saɓa. Don haka a kalli kowace mahaɗa, a kuma tsallaka zuwa ƙarshen bidiyon a duba ko motsin leɓe yana tafiya da magana. A bidiyon H.265 ana iya ganin ɗan ƙyaftawa a mahaɗa ko da an yi komai daidai, saboda wasu firem na farkon yankin suna neman tushen da aka riga aka cire.

Sauran ayyukan da ba sa bukatar rendarin

Sauti da hoto layuka ne daban, saboda haka ana iya gyara ɗaya a bar ɗaya. A ɗaukar masallaci da ta taro murya ce ta fi yawan ba da matsala, kuma sake matse sauti kaɗai ba ya cin lokaci:

ffmpeg -i cikakke.mp4 -c:v copy -af volume=2 -c:a aac -b:a 128k gyararre.mp4

Wannan ya ninka ƙarfin sautin ya bar hoton yadda yake. Idan murya ta fara fashewa sai a rage lambar zuwa 1.5. Idan an ɗauki sauti mai kyau daban daga na'urar lasifikar, ana iya maye gurbin na kyamara da shi, matuƙar an daidaita farkonsu:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 -i sauti.m4a -map 0:v -map 1:a -c copy -shortest sabo.mp4

Ga masu sauraro da ba su da datar sauke bidiyo, a zare musu muryar kaɗai da ffmpeg -i tafsiri.mp4 -vn -c:a copy tafsiri.m4a, wanda karatun awa 2 a ma'aunin 128k yake kimanin megabait 115. A bar shi a M4A idan wayoyin masu karɓa suna kunnawa, domin mayar da shi MP3 sake matsewa ne.

Canza mazubi ma kwafi ne: ffmpeg -i darasi.mkv -c copy darasi.mp4. Wannan yana da amfani na musamman ga masu ɗauka da OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo a kwamfuta, a inda wuta ba ta da tabbas. Fayil ɗin MP4 na gargajiya yana rubuta taswirar abin da ke cikinsa ne sai an tsayar da ɗauka, don haka idan kwamfuta ta mutu a tsakiya fayil ɗin ba zai buɗu ba, alhali MKV yakan tsira da abin da aka riga aka ɗauka. A ɗauka a MKV, a juye zuwa MP4 daga baya. Sai dai idan talabijin ta ƙi kunna bidiyo saboda ba ta gane H.265 ba, canza mazubi ba zai yi magani ba, domin matsalar tana cikin abin da aka zuba ne. Bidiyon da ya fito a kwance kuwa ana miƙar da shi, a FFmpeg na 6 zuwa sama, da ffmpeg -display_rotation 90 -i kwance.mp4 -c copy tsaye.mp4, idan ya juya ta inda ba a so a mayar da lambar -90. Alama ce kawai ake rubutawa ga na'urar da za ta kunna, kuma wasu tsofaffin na'urori ba sa kula ta.

Abin da wannan hanya ba za ta yi ba shi ne duk abin da ya taɓa hoton kansa: sa tambari, rubuta sunan malam ko na amarya a kan allo, gyaran launi, rage girman hoto, rage nauyin fayil, ko narkar da wani fage cikin wani. Waɗannan dole sai an sake matsewa. Idan hakan ya zama tilas, a fara yankewa da kwafi domin kada kwamfuta ta wahala a kan abin da za a zubar, sannan a yi rendarin sau ɗaya tak, daga yankin da bai taɓa shan matsi na biyu ba. A ajiye fayil na asali a wani wuri har sai mai aiki ya karɓi aikinsa ya gamsu, kuma kada a taɓa ba wa sabon fayil sunan tsohon a wuri ɗaya.

Saura batun aikawa, domin a nan ne wahalar da aka sha kan iya tafiya a banza. YouTube da Facebook za su sake matse duk abin da aka ɗora musu, wannan babu makawa, kuma shi ne ƙarin dalilin da ya sa ya kamata a miƙa musu hoto mai tsabta tun farko. WhatsApp ma yana matse bidiyon da aka tura ta hanyar hotuna, amma idan aka tura shi a matsayin Document yakan isa yadda yake, har zuwa gigabait 2. Idan fayil ɗin ya fi haka, a raba shi gunduwa-gunduwa na minti 10:

ffmpeg -i cikakke.mp4 -c copy -f segment -segment_time 600 -reset_timestamps 1 kashi%02d.mp4

Kowane kashi zai fara ne a kan cikakken firem, don haka tsawonsu ba zai zama minti 10 cif ba, amma kowanne zai kunnu da kansa, kuma wanda ya karɓa zai iya mayar da su fayil guda da umarnin haɗawa da aka nuna a sama.